Harshen Ibada da Harshen Gida: Makarantar Yaran Yahudawa da Makarantar Allo a Kudancin Kano

1.0 GABATARWA

Akwai al'ummomi da dama a duniya waɗanda harshen da suke ibada da shi daban, wanda suke magana da shi a gida kuma daban. Bahaushe Musulmi yakan yi salla da Larabci, ya fito ya yi ciniki da Hausa. Haka nan Yahudawa. Tun daga wajen shekara ta 200 Miladiyya, lokacin da Ibrananci ya daina zama harshen hira, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da shi suke addu'a da karatun Attaura, amma a gida da kasuwa sai Aramiyanci, ko Larabci, ko Yidish, ko Ladino, gwargwadon zamani da ƙasar da suka sami kansu. Duk al'ummar da ke cikin wannan hali tilas ne ta warware matsala biyu. Ta farko ita ce yadda za a sa yaro ɗan shekara biyar ya iya karanta harshen da ba ya ji. Ta biyu kuwa ita ce lokacin da za a fara gaya masa ma'anar abin da yake karantawa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda makarantar yaran Yahudawa ta bi da waɗannan matsaloli, sa'an nan a gwada ta da makarantar allo kamar yadda aka san ta a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Babu jama'ar Yahudawa a wannan yanki, amma akwai dalili biyu da suka sa ya dace da wannan gwaji. Na farko, wuri ne da harsuna suka haɗu, domin ban da Hausawa akwai Fulani makiyaya a kewayen dajin Falgore, akwai kuma Kurama a wajejen Riruwai. Saboda haka akan sami yaron da zai koyi Larabci ta bakin Hausa, alhali kuwa Hausar ma ba ita ya sha a nono ba. Na biyu, akwai Kiristoci masu jin Hausa da ke karanta wa 'ya'yansu Attaura da Zabura cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, aka kuma fitar da sabuwar fassararsa a 1980. Watau littattafan da yaron Bayahude ke faman koyo da harshensu na asali, a Tudun Wada ana jin su da Hausa.

2.0 ASALI DA TSARI

Yahudawan Gabashin Turai suna kiran makarantar yara heder, ma'anarsa ɗaki, saboda a wani ɗaki na gidan malamin ake karatun, kamar dai yadda zauren malam yake a wurinmu. Shi malamin ana kiransa melamed, watau mai koyarwa. A Maroko sunan makarantar sla, daga kalmar salla, domin da sunan guda ake kiran ta ita da majami'a. A Masar akan ce kuttab, sunan da Musulmi ke kiran tasu makarantar da shi. A Yaman kuma ana ce wa malamin mori.

Littafin Talmud na Babila ya danganta kafa waɗannan makarantu ga wani babban limamin Haikali na Birnin Ƙudus mai suna Yoshuwa ɗan Gamla, wanda ya riƙe muƙaminsa wajen shekara ta 64 Miladiyya. An ce shi ya sa dokar a ajiye malamin yara a kowane gari, a riƙa kai masa su tun suna shekara 6 ko 7. A wurin dai aka ƙayyade cewa malami ɗaya yara 25 zai riƙe, in sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 a ɗauki malami na biyu, kuma ba a ɗaukar ƙaramin yaro a kai shi karatu wani gari. Littafin Mishna kuwa ya jera matakan karatun bisa shekaru: 5 a fara nassi, 10 a fara Mishna, 13 hukunce-hukunce su hau kan yaro, 15 a shiga Talmud.

Iyaye ne ke biyan melamed, kamar yadda ake ba malamin allo kuɗin Laraba. Marayu da 'ya'yan matalauta kuwa jama'ar gari ce ke ɗaukar nauyin makarantarsu, wadda ake kira Talmud Tora. Ɗan heder a gidan iyayensa yake kwana. Sai ya zama saurayi ne zai fita neman ilimi a makarantar manya, yeshiba, inda matalautan ɗalibai kan riƙa cin abinci a gidajen mutanen gari, yau wannan gida gobe wancan. Makarantar allo ita ta haɗa iri biyu tun daga ƙuruciya: 'yan gari masu komawa gida, da almajirai baƙi waɗanda aka damƙa wa malam amana, yana noma da su da damina, yana tafiya ci-rani da su bayan kaka.

Kamannin da ke tsakanin makarantun biyu yana da tushe a tarihi. Karatun allo na ƙasar Hausa daga Magrib ya gaji ruwayar Warshu da salon rubutunsa, wanda ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisa. A can Magrib ɗin kuttab na Musulmi da sla ta Yahudawa sun yi ƙarnuka suna maƙwabtaka. Ko a Tuwat, inda Shehu Magili ya taso ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), akwai jama'ar Yahudawa a garin Tamantit, kuma rigimarsa da su sananniya ce a tarihi.

3.0 BABBAƘU DA FARFARU

Ibrananci yana da baƙaƙe 22, kuma kamar Larabci daga dama zuwa hagu ake rubuta shi. Da yawa daga sunayen baƙaƙensa kalmomi ne masu ma'ana da mai jin Larabci zai gane: bet gida, yod hannu, mem ruwa, ayin ido, resh kai, shin haƙori. Jerinsu kuwa, alef, bet, gimel, dalet, shi ne jerin abajada da malamanmu ke aiki da shi wajen hisabi. Alamomin wasali daga baya aka ƙirƙiro su. Wasu malamai da ake kira Masorawa ne suka tsara su a Tabariyya tsakanin ƙarni na 7 da na 10, watau kusan zamanin da Abul Aswad Addu'ali da Halilu ɗan Ahmad suka yi wa Larabci irin wannan hidima.

Ɗan heder yakan fara da haddace baƙaƙen a jere, daga farko zuwa ƙarshe, sa'an nan daga ƙarshe zuwa farko, don kada ya dogara ga waƙar jerin kawai. Bayan haka sai a haɗa masa su da wasula: malami ya ambaci sunan wasali, ya ambaci na baƙi, ya fitar da sautin, kamar ya ce patah, bet, ba, yara su amsa gaba ɗaya. Cikin tarin tsofaffin takardun da aka samu a ma'ajiyar majami'ar Ben Ezra ta tsohuwar Alƙahira, waɗanda Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Kambirij a 1897, akwai littattafan koyon yara da aka zana wa manyan baƙaƙe aka ƙawata su da launi, da kuma takardun da yara suka yi ta gwajin hannu a kansu.

Makarantar allo tana da waɗannan matakai biyu, babbaƙu da farfaru, sai dai ta bambanta ta fuska biyu. Ta farko, ba a jere ake koyar da baƙaƙe ba. Yadda suka zo cikin nassi haka ake bi da su, a fara daga ta'awwuzi, alu, ambaki, wau, zal, a bi da Fatiha da gajerun surori, galibi zuwa wajen Suratul Fili, sa'an nan a dawo farko a sa wasula. Ta biyu, Bahaushe ya raɗa wa baƙaƙen sunaye da harshensa bisa siffarsu da wurinsu a kalma. Ɗigo shi ne ruwa, don haka aka sami ha mai ruwa da shin mai ruwa. Akwai ambaki wofi, da ɗa mai hannu, da ba guje, da lam jaye da lam ara, da nun guda da nun ara. Wasula kuma su ne wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Sunayen sukan ɗan sassaɓa daga tsangaya zuwa tsangaya, amma hikimar ɗaya ce: yaro ya ga baƙin harshe ta tagar harshen da ya sani.

Dukkan al'ummomin biyu sun haɗa karatu da ɗanɗano. Malam Eliyazar na birnin Worms a Jamus, wanda ya rasu wajen 1238, ya bayyana yadda ake kai yaro makaranta ranar farko: a rubuta baƙaƙe a allo, a shafa musu zuma, yaron ya lashe, a kuma ba shi dafaffen ƙwai da waina da aka yi wa rubutun ayoyi. Bahaushen da ya san rubutun sha, ya san sadakar da ake yi in yaro ya kai Sabbi ko Amma, da walimar sauka da allon zayyana, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai kuma batun lafazi, domin harshen gida ba ya barin harshen ibada yadda ya same shi. Baƙin taw marar ƙarfi, Bayahuden Folan s yake furta shi, na Yaman ya furta shi kamar tha ta Larabci, galibin Safardawa kuma su ce t. Na Yaman ya riƙe sautin ayin saboda zama cikin Larabawa, na Turai kuwa ya rasa shi. Haka tsohon karatun Hausa ya mayar da ladi ta Larabci l, kuma shaidar wannan tana nan daram cikin kalmomin aro irin su alƙali, alwala, larura, farilla da Ramalan.

4.0 ADDU'A DA KARATUN JAMA'A

Tun kafin makaranta, Talmud ya ɗora wa uba koya wa ɗansa ayar Shema da zarar ya fara magana. Wannan aya ce daga Littafin Maimaitawar Shari'a wadda ke bayyana kaɗaitakar Allah, ana karanta ta safe da dare. Littafin farko da yaro zai karanta bayan ya iya haɗa baƙi shi ne siddur, kundin addu'o'in safe da la'asar da dare. Ke nan buƙatar ibada ce ke zaɓa wa yaro darasinsa na farko, daidai da yadda ɗan makarantar allo ke farawa da Fatiha da Nasi da Falaƙi, surorin da zai yi salla da su.

An kasa Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya ko biyu kowace Asabar a majami'a, a sauke ta cikin shekara. Darasin mako a heder shi ne kashin wannan Asabar ɗin. Naɗaɗɗen littafin fata da ake karantawa a gaban jama'a babu wasali a cikinsa, babu kuma alamomin rerawa, saboda haka dole mai karatu ya haddace su daga wani littafin tukuna. In yaro ya cika shekara 13 sai a kira shi gaban jama'a wajen karatun, ya zama bar mitzba, watau wanda hukunci ya hau kansa.

5.0 FASSARA: INDA HANYOYIN SUKA RABU

A nan ne babban bambancin yake. Ɗan heder yana shekara 5 ko 6 ake buɗe masa Attaura, bisa tsohuwar al'ada daga Littafin Firistoci, kuma tun daga ranar farko da fassara ake karanta masa ita. Malami ya faɗi kalmar Ibrananci, ya bi ta da ta Yidish, yara su maimaita, a wuce ta gaba. Ana kiran wannan taic. In ya ɗan tasa sai a ƙara masa sharhin Rashi (1040–1105), malamin garin Troyes na Faransa. A ƙasashen Larabawa irin wannan fassara sunanta sharh, kuma asalinta yana komawa ga Tafsirin Sa'adiya Ga'on (882–942), haifaffen Fayyum ta Masar, wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci. Yahudawan Yaman sun fi kowa tsanantawa: yaro ya koyi aya da Ibrananci, da fassarar Aramiyanci ta Onkelos, da kuma Larabcin Sa'adiya, kuma sau da yawa ƙaramin yaro ne ke tashi a majami'a ya bi mai karatu da fassarar Aramiyancin aya bayan aya. Saboda ƙarancin littattafai, yara kan zagaye littafi ɗaya, har suka shahara da iya karatu ta kowace fuska, ko da a juye. Halin yaron Yaman na harshe uku ya yi kama da na ɗan Fulanin Doguwa, wanda Fillanci ne a ruga, Hausa a bakin malam, Larabci a kan allo.

Makarantar allo ita jinkirta ma'ana ta yi. Yaro zai bi babbaƙu da farfaru, ya yi ta wanke allo har ya sauke izu sittin, mai himma ya koma hadda da satu, duk ba a fassara masa ba. Ibn Haldun (1332–1406) ya riga ya lura cewa mutanen Magrib Alƙur'ani tsantsa suke koya wa yara, ba sa gauraya shi da wani fanni, saɓanin mutanen Andalus. Fassara sai a makarantar ilimi, inda ɗalibi zai biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malam yana fassara masa kalma kalma, tafsiri kuma sai can gaba, ko a majalisin azumi inda mai jan baki ke jan aya malam yana fassarawa. Malaman tsangaya suna da hujjarsu: ƙuruciya lokacin hadda ce, kuma faɗin ma'anar Alƙur'ani ba aikin wanda bai ƙware ba ne. Wannan hanya ce ta haifar da alaramma da gwani, masu rubuta Alƙur'ani duka da ka, kuma heder ba ta sa irin wannan ƙwarewa a gaba ba. Abin da ita ta samar shi ne talakan da ke iya bin ma'anar nassi tun yana yaro.

Duk da wannan bambanci, fassarar kalma kalma ta haifar da abu iri ɗaya a ko'ina, watau wani keɓantaccen salon harshen gida mai bin ginin jimlar harshen ibada, mai kuma adana tsofaffin kalmomi. Ladino na fassara, irin na Attaurar da aka buga a Istambul a 1547, kalmominsa na Sifaniyanci ne amma jerinsu na Ibrananci. A Barno akwai Tarjumo, tsohon harshen Kanembu da malamai ke fassara da shi, wanda ya nisanta daga Barbarcin yau. Hausar malamai ita ma haka take. Ana cewa ya ce shi Shehu, a gabatar da aiki a kan mai aikatawa kamar Larabci, ana kuma riƙe da kalmomi irin su face, sashe, zuwa ga, daga barin, haƙiƙa da lalle ne, kowace tana tsaye a madadin wata kalmar Larabci ayyananniya.

Mata ma ta harshen gida aka kai musu karatu. Matan Yahudawan Turai sun dogara ga wani littafin Yidish mai suna Tsene-rene, wanda bugunsa mafi tsufa da ya saura na 1622 ne, sai a 1917 Sarah Schenirer ta buɗe wa 'yan mata makarantar addini a Krakow. A nan kuwa Nana Asma'u (1793–1864) da waƙoƙin Hausa da Fillanci ta koyar da 'yan taru ta hannun jajis ɗinta.

6.0 SAUYIN ZAMANI

Tun ƙarshen ƙarni na 18 masu neman gyara cikin Yahudawa suka fara sukar heder da cunkoso, da duka, da rashin koyar da nahawu da lissafi. Gyaran ya bi hanya uku. Ƙungiyar Alliance, wadda aka kafa a Faris a 1860, ta buɗe makarantarta ta farko a Titwan ta Maroko a 1862, inda Faransanci ya zama harshen koyarwa. Wasu kuma suka ce a koyar da Ibrananci da Ibrananci, ba tare da fassara ba. Eliezer Ben-Yehuda (1858–1922), wanda ya isa Birnin Ƙudus a 1881, yana cikin waɗanda suka fara gwada haka, kuma ta bakin 'yan makaranta harshen ya komo gida da kasuwa, har aka sa shi cikin harsunan hukuma na Falasɗinu a 1922. Hanya ta uku ta Amurka ce, inda Rebecca Gratz ta buɗe makarantar Lahadi a Filadalfiya a 1838, daga baya kuma makarantun yamma suka yaɗu, yara suna zuwa 'yan awoyi a mako bayan sun taso daga boko. Kukan da malaman can suka daɗe suna yi shi ne, yaro yakan iya furta addu'a da karatun bar mitzba, amma ba ya jin abin da yake faɗa. Tsohuwar fassarar kalma kalma ta tafi tare da Yidish, awoyin kuma ba su isa a koyi harshen sosai ba.

Mai karatu zai ga inuwar wannan a ƙasar Kano. An kafa Makarantar Shari'a a 1934, ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, makarantun Islamiyya kuma suka bunƙasa daga shekarun 1950. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya tura karatun addini na yara da yawa zuwa yamma da ranakun hutu. Islamiyya ta zo da jerin baƙaƙe da sunayensu na Larabci, da ruwayar Hafsu, da tajwidi, fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Gumi kuma ta fito a 1979. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu, Kiru kuma tana cikin wuraren da Gwamnatin Kano ta tanada don tara su. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya a kan ci da kwana da bara take, batun harshe kuwa ba a cika taɓo shi ba.

7.0 KAMMALAWA

Abin da wannan gwaji ya nuna shi ne, harshen gida shi ne tsanin da yaro ke takawa ya kai ga harshen ibada, ko ta sunayen baƙaƙe, ko ta fassara. Inda aka janye tsanin ba a ba da isasshen lokacin koyon harshen ba, abin da kan rage shi ne furuci kawai. Saboda haka akwai aiki biyu a gaban masana. Na farko, sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su tura ɗalibai tsangayun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su ɗauki sunayen babbaƙu da salon farfaru da Hausar fassara daga bakin dattawan malamai, su kuma binciki yadda ake koyar da yaron da Hausa ba harshensa na farko ba ne, tun kafin sabon tsari ya shafe tsohon. Na biyu, masu tsara manhajar tsangaya su zauna da alarammomi a duba ko za a iya shigar da ma'anar Fatiha da gajerun surori da Hausa tun a matakin farfaru, ba tare da an taɓa hadda ba. Malaman da suka raɗa wa harafi suna ha mai ruwa sun riga sun yarda cewa da Hausa ake kama hannun yaro, abin da ya rage kawai shi ne a daidaita a kan iyakar inda za ta raka shi.